Wa ya nuna mana zuciyar Ahmed Musa?

'Yan'uwa matasa, mu kula da bakinmu. A Afrilun 2021 Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars, muka ce ɗan halak ne. Da ya wuce Turkiyya a Yuli, wasunmu suka ce dama mafaka ya nema. Ya sake dawowa a 2024, sai aka ce kasuwarsa ce ta mutu a Turai. To, ya yi yaya? Ƙwallo sana'a ce, ƙafa kuma tana tsufa. Mai neman abincin iyalinsa bai ci amanar kowa ba. Mu da muke cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata da ihun "Sai Masu Gida", da zarar an ci mu sai zagi da jifa, mu ne za mu koya masa riƙon amana?