Wasan Scrabble A Gwallameji: Wa Ya Ci, Yaro Ko Waya?

Ran wata Asabar na kai wa ƙanena ziyara a Gwallameji, unguwar nan ta Bauci da ke kan hanyar Dass, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suke kama ɗakunan haya. Na iske shi da abokansa uku a kan tabarma, sun duƙufa bisa allon Scrabble, shiru kamar masu ɗaukar karatu. Can sai gardama ta kaure. Wani ya ajiye kalma mai harafi bakwai ya kwashe maki hamsin na garaɓasa, ashe waya ce a ƙarƙashin cinyarsa. Ya zuba mata haruffan da ke hannunsa, ita kuwa ta jero masa kalmomi. Da na tambaye shi ma'anar abin da ya ajiye, sai ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, amma dai Turanci ne."

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ɗan'uwan dara ne, sai dai 'ya'yansa haruffa ne. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a 1938, aka raɗa masa sunan nan a 1948. Allon yana da gida 225, 'ya'ya 100, kowa yana riƙe bakwai. Harafin E guda 12 ne, makinsa ɗaya tak, amma Q da Z ɗai-ɗai ne, kowanne maki goma.

To, wahalar mai wasa ita ce ƙamus bai san bukatarsa ba. Ƙamus ya jera kalmomi bisa harafin farko, domin mai neman ma'ana aka yi shi. Shi kuwa ɗan wasa tambayarsa dabam: ina kalma mai harafi biyar wadda ta ƙare da K, kuma akwai W a cikinta? Wannan giɓi ne shafukan intanet suka cike, har suka ƙara kasuwa bayan wasan Wordle ya fito a 2021, wanda ake neman kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida.

Ban ce kayan aikin haramun ne ba. Gwanayen duniya da irinsu suke karatu, amma kafin su zauna gaban allo. Dabararsu ita ce su jera haruffan kalma bisa tsarin abacada su haddace. Ɗauki A, E, I, N, R, S, T. Daga waɗannan bakwai ana samun RETAINS da NASTIER da RETINAS da STAINER, har su kai goma sha ɗaya. Wanda ya yi wannan tilawa, da ya ga haruffan a hannunsa sai kalmomin su faɗo masa, kamar yadda gardi ke jin farkon aya ya ƙarasa.

Kuma ba wasan raini ba ne a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2015 Wellington Jighere, mutumin Jihar Delta, ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya. Ya kayar da Lewis Mackay na Ingila sau huɗu a jere a karon ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin. 'Yan Nijeriya sun yi suna wajen fifita gajerun kalmomi, suna toshe wa abokin karawa gidaje masu tsoka. A zauren gasa ba a barin kowa ya duba waya ya nemo kalma. Abin da ke cikin ka shi ne jarinka.

Lalle akwai mai cewa ai ko gwanayen ba duka suka san ma'ana ba. Gaskiya ne. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin harshen, haddace ƙamusun ya yi. Amma shi aƙalla ya sha wuyar hadda. Yaron Gwallameji bai sami ma'ana ba, bai sami hadda ba, ya kuma ɓata wa abokansa rai a kan wasan da ko kwabo ba a sa ba. Ga shi ranar jarrabawar Turanci waya a bakin ƙofa za a bar ta.

Abin da ya ba ni dariya shi ne Bahaushe yana da gadon da bai sani ba. Littafin Collins, wanda ake hukunci da shi a gasannin Nijeriya, yana da kalmomi masu harafi biyu 127 a bugun 2019, kuma su ne ginshiƙin wasan. Duba waɗannan: BA, DA, FA, JA, KA, KI, KO, MA, MU, NA, TA, YA, ZA, ZO. Duka halal ne a allo. Ma'anarsu dai ta sha bamban da tamu. ZO wata dabba ce dangin shanu a ƙasar Tibet, DA wata wuƙa ce ta mutanen Bama, KO kuwa sandar haƙa ce ta Maori. NAIRA da KOBO ma suna ciki. Sai dai a yi hattara, NI da SU da KU da GA da WA babu su.

Har ila yau ina mamakin yadda ba mu zauna mun tsara wa Hausa nata 'ya'yan wasan yadda za su bazu a kasuwa ba, tun da ga ƙamusun Bargery na 1934, ga na Jami'ar Bayero na 2006. Harafin K guda ɗaya ne a akwatin Turanci, mu kuwa ina za mu kai da ɗaya? Sai an ƙaro A da yawa, a kuma yanka wa Ɓ da Ɗ da Ƙ maki mai tsoka.

Kafin in tashi na sa samarin suka tara wayoyinsu cikin kwanon sha aka rufe da faifai, na rubuta musu kalmomin nan 14 a bayan kwalin sukari. Aka sake zubi. Mai wayar nan ya ajiye ZO a gidan da ke ninka maki uku, ya yi ta murna. Zagaye na gaba sai ya zarme ya ajiye SU, ƙanena ya ƙalubalance shi, ya kwashe 'ya'yansa ya rasa layi.