Waiwaye: Tauraruwar da Ba Mu Bi Sawunta Ba

A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Malam Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda baƙo daga sama ya ɗauka ya zagaya da shi sararin samaniya. Ɗalibai sun karanta, manazarta kuma sun sa shi a sahun gaba na ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, amma littattafan da suka biyo sawunsa ba su taka kara sun karya ba.

Ba rashin masu karatu ne ya jawo haka ba. Duk wanda ya yi wayo a unguwar Limawa ta Dutse bayan 1991, lokacin da garin ya zama babban birnin Jigawa, ya san teburin mai hayar littattafai. Kaya ne daga Kano, wani bangonsa ya sha salatif, wani an ɗinke shi da zare da allura. Mai tebur na da ɗan littafin da yake rubuta sunan mai aro da ranar dawowa. Matan aure su aiko yara, 'yan makaranta su cusa nasu a tsakiyar littafin lissafi, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam, na biyun ya iso?" Na soyayya sun fi yawa, irin na Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, amma in labarin bincike ko na al'ajabi ya shigo, irin na Bala Anas Babinlata ko Nazir Adam Salih, sai ka bi layi kafin ya zo hannunka.

Matsalar tana wajen bugu. Marubucin wancan zamani shi ne maɗaba'ar kansa: ya tara kuɗi, ya buga, ya kai wa dillalai, ya zauna jiran ciniki. Littafi ɗaya ya ƙi tafiya, jari ya karye. Wa zai yi kasada da labarin jirgin sama jannati alhali ga soyayya tana tafiya?

Japan ta bi wata hanya. A 1920 aka kafa mujallar Shinseinen, wadda ta riƙa fassara labaran 'yan sandan ciki na Turawa. A cikinta ne, a 1923, wani matashi da ya laƙaba wa kansa suna Edogawa Ranpo ya fitar da gajeren labarinsa na farko. Da ya yi suna bai tsaya kan kansa ba: ya jagoranci kafa ƙungiyar marubutan bincike a 1947, daga baya aka samar da kyauta mai sunansa wadda har yau take fito da sababbin marubuta. Ɓangaren kimiyya ma haka ya taso. Masoya ne suka fara da 'yar mujallarsu, Uchujin, a 1957. A ƙarshen 1959 kamfanin Hayakawa ya fito da SF Magazine, ya haɗa da gasa. Daga wannan fage aka san Komatsu Sakyo, wanda littafinsa na 1973 kan nutsewar ƙasar Japan ya sayar da miliyoyin kwafi.

Mujalla kamar gadon reno take a lambu: a nan ake yafa iri, wanda ya yi ƙarfi a dasa shi a fili. Shafi goma kawai sabon marubuci ke buƙata don ya gwada hannunsa, edita ya gyara masa, masu karatu su yi masa hukunci, ba tare da ya sayar da akuyar gidansu ba.

Mu ma ai mun taɓa ganin amfanin wannan dabara. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da mata marubuta da dama. Duk lokacin da aka buɗe fage, gwanaye na fitowa. Abin da ya hana mu ci gaba shi ne rashin ɗorewa.

Dutse na da Jami'ar Tarayya tun 2011, da ɗaliban harshe da na kimiyya a harabar makaranta ɗaya, ga kuma waya a hannun kusan kowane matashi. Labarai ma ga su nan birjik: satar da ta rikita masu gonar dabino, ko Haɗeja bayan shekara ɗari in ambaliya ta ci gaba. Mutum biyar masu himma sun isa su fara mujallar wata uku-uku, ko a takarda ko a intanet, da edita mai tsauri da gasa sau ɗaya a shekara. Sharaɗin kawai shi ne ta riƙa fita a kan lokaci, ko da labari uku ne a ciki, domin marubuci ba ya kaifafa alƙalami sai ya tabbata akwai inda za a buga masa.