An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, mun gaji da jin cewa wai bakin saniya ne ya cinye dajin Malanville. Duk taron da aka yi a kan makiyaya, daga Kandi har Kwatano, waƙar ke nan.

Ba mu musa cewa ciyawa ta canja ba. Mu muka fara gani. Gamba, wadda saiwarta ke kwana a ƙasa ta tsiro da yayyafin farko, ta ja baya tun farin 1973 da na 1984. Ƙarangiya da garmani suka gaje wurinta, garmani kuwa sai dabba ta rasa yadda za ta yi take kai masa baki. Burgun fadamar Kwara, abincin shanunmu na rani, ruwa na janye masa da wuri, abin da ya saura kuma an mai da shi gonar shinkafa. Dillalan kasuwar Gene sun san sakamakon, don su ke taɓa haƙarƙarin sa kafin su yi ciniki.

To amma wa ya kawo zafin? A can Turai, bisa ƙololuwar duwatsun Alps inda saniya ba ta hawa, masana sun tarar tsirran da ke son ɗumi suna ta hawa sama, masu son sanyi suna ƙanƙancewa har su rasa inda za su. Shin can ma Bafulatani ne ya kai garke? Hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ya ɗumama duniya, ciyawar dutse da ta fadama duk suka ji a jikinsu.

Gaskiya ne, garke in ya daɗe wuri guda yakan kashe ƙasa. Sai mu tambaya, wa ya tsare shi wuri guda? Auduga ta cinye burtali. Gandun dajin W an ce kada mu taka. A Disamban 2019 gwamnatin Benin ta hana shanun maƙwabta shigowa kiwo, alhali tun 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince makiyayi ya ƙetare iyaka da takardarsa. A 2023 kuma aka rufe gadar Gaya, fatake suka yi ta asara.

Ciyawa ta yi ƙaura, an ce mai kiwo kada ya bi ta.

Muna neman hukumomin Alibori su fitar da burtalin da doka ta tanada, su kafa masa alamu, su keɓe fadamun burgun da suka rage tsakanin Malanville da Karimama kafin garma ta kai gare su. In za a sake shuka gamba, a zo a tambaye mu inda take a da.