Martani: Wa Ya Ari Kiɗan Wa?

Wani marubuci ya ce kiɗan rok ƙirƙirar Turawa ce zalla, babu jinin Afirka a cikinsa, don haka samarin unguwar Barkin Sale da ke kunna shi a shagunan cajin waya 'yan koyi ne kawai. Ya kafa hujja da Led Zeppelin, ƙungiyar Ingila.

Ai kuwa ya zaɓi shaidar da za ta kayar da shi. Waƙarsu Whole Lotta Love ta fito a 1969. Daga ina baitocinta suka samo asali? Daga You Need Love, wadda Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1962, dukansu baƙaƙen fata 'yan jihar Misisifi ta Amurka. Dixon ya kai Led Zeppelin kotu a 1985, aka sasanta, yau sunansa na cikin marubutan waƙar. In nasu ne, me ya kawo sulhun?

Shi kuma kiɗan bulus da suka kwaikwaya a waƙar, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka raine shi. Kayan kiɗan banjo ma dangin molo ne da gurmi. Me ya kai Robert Plant, mawaƙin ƙungiyar, bikin kiɗan hamada na Esakan a Mali a 2003, in ba neman tushe ba?

Da malam ya soki batsar da ke cikin waƙar, da na mara masa baya. Amma batun asali, ya koma ya sake bincike.