Gida bai ƙoshi ba? Abin da ya sa zan tafi koyarwa a Saliyo

A zangunanmu na Gana, in aka ce wane ya yi tafiya, kowa ya san abin da ake nufi: neman kuɗi. Tambayar da ke biyowa ita ce, Jamus ne ko Amurka, kuma yaushe zai fara aiko? Daga Nima zuwa Aboabo, yaro na tasowa da burin zama boga. Wasu ma har sun bi ta Agadas zuwa Libiya saboda wannan buri, kuma ba duka suka dawo ba. Tafiyar da mutum zai yi don ya ba da abin da ya iya, ya dawo aljihunsa yadda ya tafi da shi, ba mu saba da ita ba.

Irin wannan tafiya nake shirin yi. In Allah ya yarda zan yi shekara ɗaya ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare kusa da Makeni, a arewacin Saliyo, a matsayin ɗan sa kai. Ba albashi, sai ɗaki da ɗan kuɗin abinci. Maganar da na fi ji daga 'yan uwa ita ce: "Malam, gida bai ƙoshi ba, za ka kai wa dawa?" Magana ce mai nauyi, ta cancanci amsa.

Gaskiya ne gida bai ƙoshi ba. Ni malamin aji ne, na san yaran da ke zuwa JHS ba su iya haɗa kasafi ba, na san 'yan matan da talla ke raba su da aji tun kafin jarrabawar BECE. To amma mu tambayi kanmu: da magabatanmu sun jira sai gida ya ƙoshi, da wa ya karantar da mu? Alhaji Umaru Karaci a Kano aka haife shi. Ya zo Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi, ya yi ta karantarwa har ya rasu a 1934. Almajiransa suka bazu cikin zanguna. A zamaninsa Kano ba ta rasa jahilai ba, amma ya taho. Zango kansa ma'anarsa masaukin matafiya ne. Mu jikokin baƙi ne da suka iso da ilimi da sana'a, aka karɓe su.

A ɓangaren boko ma haka abin yake. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi 'yan sa kai na Peace Corps daga Amurka, a watan Agustan 1961, zamanin Kwame Nkrumah, kuma koyarwa suka zo yi a makarantun sakandare. Tun kafin nan, Saliyo ɗin da ake tambaya ta me zan je yi, ita ta karantar da wasu manyanmu. Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown an kafa ta a 1827, kuma J. E. Casely Hayford na cikin waɗanda suka yi karatu a can. Mun daɗe muna miƙa hannu muna karɓa. Ba abin kunya ba ne, amma lokaci ya yi da mu ma za a gan mu cikin masu bayarwa.

Me ya sa Saliyo? Ƙasar ta sha yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002. Sannan cutar Ebola ta zo a 2014, makarantu suka yi watanni a rufe. A 2018 gwamnati ta soma shirin ilimi kyauta, yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai kuwa ba su wadata ba, musamman a karkara. Ga shi hukumar jarrabawa ɗaya muke da su, WAEC, su ma yaransu BECE da WASSCE suke rubutawa. Abin da na koya a kwalejin horon malamai zai yi aiki a can ba tare da dogon gyara ba. Kuma mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba za su zame mini matsala ba.

Sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake son matasa su saurare ni. Duk mun taɓa ganin baƙon da ya zo makaranta ya yi sati biyu, ya raba alawa, ya ɗauki hoto da yara, ya sa a Facebook, ya tafi. Ajin yana nan yadda ya same shi, malamin ajin ne ma ya yi asarar darasi wajen yi masa rakiya. Wanda bai shirya ba, kaya ne a kan waɗanda ya je taimaka wa.

Shirin takardu shi ne mai sauƙi: fasfo, katin allurar shawara, gidan sauro da maganin zazzaɓi, da takardar hutu ba albashi daga wajen aiki. Mai wuyar shi ne na gida. Na zauna da mahaifiyata sai da ta sa albarka. Ni da maiɗakina mun lissafa kuɗin haya da na makarantar yara na shekara guda, muka ware, domin ba sadaka ba ce mutum ya bar iyalinsa da yunwa ya je ciyar da wasu. Ajina kuma na miƙa shi ga wanda zai gaje ni tare da bayanin kowane yaro, wa ke bukatar ƙarin lokaci, wa ke jin kunyar tambaya.

Sai harshe. Kowane dare ina koyon Kiriyo, harshen da kusan kowa ke ji a Saliyo, kuma ina fatan in tsinci Temne in na isa. Yaro ba ya sakin jiki da malamin da bai iya gaishe da kakarsa ba. Akwai malamai a can da suka riƙe makarantun nan cikin yaƙi da annoba. Zan je ne in yi aiki a ƙarƙashinsu, watan farko kunne zan buɗe fiye da baki.

Gargaɗi ɗaya: akwai masu fakewa da sunan aikin sa kai suna karɓar kuɗin matasa da alƙawarin bizar Turai. Kafin ka biya kowa ko sidi ɗaya, nemi ofishin ƙungiyar, ka yi magana da wanda ya taɓa zuwa ya dawo. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da shirin 'yan sa kai, Tarayyar Afirka da ECOWAS ma suna da nasu, kuma ta intanet ake nema. Nas, malamin makaranta, mai ilimin noma ko na kwamfuta, duk ana bukatarsu.

Ba kowa ne zai iya barin gida shekara guda ba, kuma ba kowa ya kamata ya bari ba. Wanda ba zai iya ba, ga makarantar unguwarsu nan. Awa biyu ranar Lahadi da ɗaliban BECE goma aiki ne babba. Ina kira ga limamanmu da sarakunan zango: yadda ake sanar da gudummawar siminti bayan sallar Juma'a, a riƙa sanar da neman masu ba da lokacinsu, a rubuta sunaye, a raba musu aji. Addininmu ya sa ilimi mai amfani cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari, kuma bai ce sai ɗan unguwarku za ka koya wa ba. Allah ya sa mu dace.