Rigar da ke Ɓoye Bindiga ba Sutura ba Ce

A bakinmu, sutura rufin asiri ce. Mutum yana sa riga ne don ya tsare mutuncinsa, ya kuma girmama idon wanda zai gamu da shi. Amma a Amurka an buɗe kasuwar da ta kifar da wannan ma'ana: riguna, wanduna da jakunkunan mata da aka ɗinka musamman domin ƙaramar bindiga ta kwanta a jikin mai ita ba tare da kowa ya lura ba. Masu tallar kayan suna cewa ladabi ne, wai don kada a firgita jama'a. Mu kuwa muna cewa yaudara ce aka yi wa ado.

Su kansu Amurkawan dauri ba su yarda da ita ba. A shekarar 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana sun haramta ɓoye makami a jiki, domin ana ganin hakan ɗabi'ar mai kwanton ɓauna ce. Kakanninmu ma haka suka sani: mai takobi a kafaɗa yake rataya shi, kowa ya gani ya san da wa yake magana. Yau lamarin ya juya. A 2013 Ilinoi ta zama jiha ta ƙarshe da ta halatta yawo da bindiga a ɓoye. A 2022 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar New York na sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi izini. Fiye da rabin jihohi 50 yanzu ba sa ma neman lasisi.

Hujjarsu ita ce kare kai, kuma ba mu raina tsoron wanda 'yan fashi suka taɓa tarewa ba. To amma a dubi sakamakon. A 2021 bindiga ta kashe mutum fiye da 48,000 a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. A Disamban 2014, cikin wani kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 ya zura hannu a jakar mahaifiyarsa, irin wadda aka ɗinka don ɓoye bindiga, ya harbe ta har lahira.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga lissafi. Idan kowace riga na iya ɗauke da makami, kowane mai riga ya zama abin zargi, kuma zargin ba ya sauka a kan kowa daidai. A 1999 'yan sanda suka yi wa Amadou Diallo, ɗan Gini, harbi 41 a unguwar Bronx; walat ya ciro, ba shi da makami. A 2016 an kashe Philando Castile a Minnesota, alhali yana da lasisi, kuma shi da bakinsa ya shaida wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa. Takardar ba ta cece shi ba.

A wannan Bronx ɗin akwai 'yan uwanmu na zango, masu fita sallar Juma'a da babbar riga da jallabiya. Duk sabuwar rigar ɓoye bindiga da aka sayar, ƙarin ido ne a kan tasu rigar mai faɗi wadda ba ta ɗauke da komai sai carbi da turare. Don haka idan hotunan wannan salo suka iso wayoyin samarinmu, kada mu yi shiru su ɗauka wayewa ce. Mu gaya musu abin da tela ya sani tun yana ɗan koyo: aljihun riga wurin goro ne da kuɗin sadaka.