Oliyanda Ko Boganbila: Wacce Za Mu Dasa?

'Yan'uwa manoma, in ƙungiya ta tashi ƙawata bakin gida ko makaranta ko ɗakin shan magani, itatuwan fure biyu ne masu sayar da dashe sukan nuna mana: oliyanda da boganbila. Dukansu suna son rana, suna jimre fari, kuma reshensu akan yanko a dasa. Amma a ganina, inda akwai yara da dabbobi, boganbila ce ta dace.

Ga dalili. Oliyanda, wadda ta yawaita a ƙasashen bakin Bahar Rum, tana da dogon ganye siriri, uku-uku a kowace gaɓa, da fure ja ko fari mai ban sha'awa. Sai dai kyan ɗan maciji ne da ita. Ganyenta da furenta da itacenta da saiwarta duk dafi ne mai taɓa zuciya. Ganyen da bai cika tafin hannu ba yana iya kashe saniya, balle akuya. Ko ya bushe dafin bai fita ba, hayaƙinsa ma cuta ne.

Wani zai ce ai ɗacinta yana korar dabba. Da damina haka ne. Amma da rani, sa'ad da aka saki dabbobi babu ɗanyar ciyawa, busasshen ganyen da aka share aka zuba a juji, ko ya gauraya da harawa, ba ya tsere wa bakin akuya.

Ita boganbila daga Amurka ta Kudu ta fito. An raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa na Faransa, Bougainville, wanda ayarinsa ya same ta a Barazil a 1767. Abin nan ja da muke gani ganye ne mai launi. Ainihin furen ƙarami ne, fari, a tsakiya. Ta fi yin ado da rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Aibinta ƙaya ne, kuma in ba a aske ta ba takan yi duhu har maciji ya sami maɓoya. To, ƙayar nan ita ce ke mai da ita shinge mai tsare lambu.

Ku yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, ku sa a leda mai ƙasa da yashi, a inuwa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. Ku dasa da farkon damina, mita 1 tsakani, kada ku fasa ƙasar gindin. Ku kewaye da ƙaya, gama awaki suna son tohonta.

Wanda ke da oliyanda a gida kuwa, kada ya yi asuwaki ko tsinken tsire ko makamashi da reshenta. In ya sare ta, ya binne rassan, ya wanke hannu. In yaro ya tauna ganyen, a kai shi asibiti nan da nan tare da ganyen, kada a jira ya fara amai. Rigakafi ya fi magani.